Madubin Hangen Nesa

Kalmar madubi daga duba ta fito, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗe, wato abin dubawa. Shi ya sa madubin hangen nesa ya fi na'urar hangen nesa dacewa, musamman a bakin mai haɗa nasa a gida. Samfurin da Isaac Newton ya ƙera a 1668 masu koyo suka fi bi: gilashi mai kauri ake ta gogewa da hannu har ya yi ɗan zurfi kamar kasko, a shafe shi ya riƙa tattara hasken taurari wuri guda. Wani zai ce ai na Galileo na 1609 ba madubi cikinsa, haske ratsa gilasansa yake yi. Haka ne, amma Bahaushe bai taƙaita kalmar ga na kallon fuska ba, tunda abin duba ƙwayoyin cuta ma madubin likita yake ce masa.