Masallaci Mai Kama da Majami'a, Majami'a Mai Kama da Soro

A birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin, majami'ar Saint-Michel tana bakin babban titin da ya ci sunanta, ba nisa da kasuwar Dantokpa. Unguwar Zango da babban masallacinta suna maƙwabtaka da ita. Bahaushe mai bi da yake zaune a irin wannan wuri yakan sha wata magana mai zafi daga 'yan'uwansa. Sukan ce wanda ya shiga majami'a ya shiga ɗakin Turawa, ya bar gidan ubansa. Tarihin gine-gine guda biyu, ɗaya a Benin, ɗaya a ƙasar Zazzau, yana da amsa a kan wannan zargi.

Gaskiya ne bishara ta sauka gaɓar Dahomi a hannun baƙi. Ran 18 ga Afrilu 1861 Fada Borghero da Fada Fernandez na ƙungiyar SMA suka iso Wida. Majami'un da aka gina bayansu sun ɗauki fasalin ƙasashen Turai, gama abin da masu mishan suka sani ke nan. Babbar majami'ar Wida, wadda aka fara a 1903 aka gama a 1909, tana fuskantar ɗakin tsafin mesa, kowa ya gan ta ya san tsarinta daga ƙetare ya zo.

Amma fasalin ƙetare bai tsaya ga Kirista kaɗai ba. A zamanin cinikin bayi an kwashi mutane da yawa daga wannan gaɓa zuwa Bahia ta ƙasar Barazil, cikinsu har da Yarabawa da Hausawa Musulmi. A 1835 bayi Musulmi da 'yantattu suka yi tawaye a birnin Salvador. Aka murƙushe su, aka kori waɗansu, waɗansu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu suka komo Afirka. Ana kiransu Aguda. Da yawa cikinsu magina ne da kafintoci, sun koyi sana'a a ƙasar bauta.

A farkon ƙarni na 20 Musulmin Porto-Novo, garin da Yarabawa ke kira Ajashe, suka tashi gina babban masallaci. Ginin ya fito da fasalin da Aguda suka kawo, wato na majami'un Bahia: gaba mai tsawo, da tagogi masu baka, da zane na fenti launi launi. Baƙo yakan tsaya a gabansa yana tsammani majami'a ce. Duk da haka shekara da shekaru Musulmi sun yi salla a ciki, ba wanda ya ce sallarsu ta zama ta Barazil saboda siffar bango.

Labari na biyu yana can arewa. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1929 aka mai da aikin mishan zuwa Wusasa, bayan gari, inda makaranta da asibiti suka kafu. A nan aka gina majami'ar Saint Bartholomew. Ba a aika Ingila neman fasali ba. Da tubali da laka da azara aka gina ta, bisa ga gwanintar maginan Hausa. Zazzau kuwa ta daɗe da suna a wannan sana'a, gama a can ne Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Katanga mai kauri tana hana zafin bazara shiga, tana kuma riƙe ɗumi lokacin hunturu. Shekara uku bayan ƙaura, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ta haka masu bi na Wusasa suka sami Maganar Allah da harshensu, a cikin ɗaki irin na kakanninsu. A wannan ikilisiya ce Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa Yohanna yana aikin bishara.

In an aza labaran nan biyu kusa da juna, abu ɗaya yakan fito fili. Musulmin Porto-Novo sun ari fasalin majami'a, Kiristan Wusasa sun ɗauki fasalin da aka saba gani a masallaci da fada. Kowannensu ya yi amfani da hannun maginin da Allah ya ba shi. Ko Sarki Sulemanu ma da ya tashi gina Haikali, daga Taya ya nemo katako da gwanaye, ba kuwa wanda ya ce Haikalin na mutanen Taya ne.

Sai dai zargin nan na farko ba zai mutu da labari kaɗai ba. A ƙauyuka da yawa, ikilisiya takan rushe ɗakin laka ta ɗora bulo da kwano, domin ana ganin laka alamar talauci ce. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, wannan gaskiya ne, amma a ƙarƙashin kwano mara silin tsofaffi sukan kasa zama har ƙarshen wa'azi. Kowane bango da aka rushe kuma yakan tafi da wani ilimin da ba a rubuta ba.

Saboda haka duk ikilisiyar da ke tara baiko domin gini, ko a Zangon Kwatano ko a wani ƙauyen Katsina, ya kamata dattawanta su kira tsofaffin magina na gari su ji shawararsu tun ba a haƙa harsashi ba. Maginan Wusasa sun riga sun nuna cewa hannun Bahaushe ya isa ya gina wa Ubangiji ɗaki.