Koyar da sana'o'i a makarantun sakandare: Inda aka kwana a yankin Kazaure

Kusan shekaru hamsin ke nan Nijeriya na ƙoƙarin ganin cewa ɗalibin da ya kammala sakandare ya fito da sana'a a hannunsa, ba takardar shaida kaɗai ba.

Batun na da muhimmanci a ƙananan hukumomin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa na arewa maso yammacin jihar Jigawa, inda akasarin jama'a manoma ne da makiyaya, kuma matasa da dama kan tafi ci-rani Kano da sauran birane da zarar an kawar da amfanin gona.

Asalin manufar

Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ce ta haifar da tsarin 6-3-3-4, wanda aka soma aiwatarwa a 1982.

A ƙarƙashinsa an tanadi koyar da aikin katako da na ƙarfe da na lantarki a ƙaramar sakandare.

Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje, to amma da yawansu sun lalace a cikin akwatuna, saboda rashin wutar lantarki da ɗakunan aiki da kuma malaman da suka iya sarrafa su.

A shekarar 2011, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta ɓullo da sabuwar manhaja mai ɗauke da sana'o'i 34, aka kuma wajabta wa kowane ɗalibin babbar sakandare ya zaɓi guda. Hukumar WAEC ta fara yin jarrabawa a kansu a 2014.

Sai dai makarantu da dama sun fi karkata ga darussan da za a iya koyarwa da alli da allo kawai, irin su dabarun kasuwanci.

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta rage yawan sana'o'in zuwa shida: haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwo, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da wayar salula, da kuma noma da lambu.

Damar da yankin ke da ita

Yankin na da manyan makarantun fasaha da ba kasafai ake samun irinsu a karkara ba.

A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda gwamnatin tarayya ta karɓa daga hannun jihar a 2007.

Akwai kuma cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da aka kafa a garin a zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tare da haɗin gwiwar wani kamfani na ƙasar Singapore.

A shekarar 2021 kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura.

Duka waɗannan makarantu daga sakandare suke samun ɗalibai, don haka ingancin abin da aka koya a can shi ne zai nuna ko 'ya'yan yankin za su ci moriyarsu.

Ƙalubale

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ke nan yaron ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana iya faɗuwa ko da ya san amsa.

Haka nan ba a koyon ɗinki sai da keke, ba a koyon haɗa sola sai da faranti da batir, kuma kowannensu na buƙatar ƙwararren malami.

Ga 'yan mata, waɗanda da yawansu kan yi aure da zarar sun gama sakandare ko ma kafin nan, sana'ar da za a iya yi a cikin gida na iya zama babban abin da za su tsira da shi daga makaranta.

Baya ga aikin hannu, ɗalibi na buƙatar sanin lissafin jari da riba, da kiyaye lokaci, da cika alkawari, abubuwan da aka daɗe ana koya wa yara a wurin maƙera da teloli da dukawa.

Wannan ne ya sa masana ilimi ke ba da shawarar makarantu su riƙa haɗa kai da masu sana'a na gari, domin kada sabuwar manhajar ta bi sahun injunan da suka yi tsatsa a cikin akwati.