Yadda Lesa Ta Shiga Ɗakin Injuna

Kafin lesa ta shigo sana'armu, idan ana son a san ko injin sassaƙa ƙarfe ya tsaya daidai inda aka umarce shi, sai a jera tubalan awo irin na Johansson, a ɗora agogon awo, a yi ta karantawa da ido. Da zarar injin ya yi tsawo sosai, kowane ma'aikaci da tasa amsar.

A 1952 aka nuna injin da lambobi ke sarrafawa a jami'ar MIT ta Amurka. Da can, hannun gwani ne ke rufa wa inji asiri. Yanzu kuwa, kuskuren da ke cikin injin zai fito a jikin kowane ƙarfe da ya sassaƙa.

Shi ya sa aka koma ga awo da haske. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1880 masanin kimiyya Michelson ya fito da ita. Ana raba haske gida biyu, kashi ɗaya ya doki madubin da ke tsaye, ɗayan ya doki madubin da ke tafiya da teburin inji, su dawo su haɗu, a ƙirga tazarar da aka yi. Abin da aka rasa shi ne haske mai tsayayyen zango, sai da aka samu jar lesa ta heliyam da niyon, mai zangon nanomita 633. A 1970 kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da na'urar da za a iya kai wa masana'anta, daga baya Renishaw na Ingila ya bi sahu.

Mun ɗauka an gama gardama, ashe yanzu aka fara. Lesa ce ta tona mana asirin zafi. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan maikiron 12 duk lokacin da zafinsa ya hau da digiri ɗaya, kuma awon duniya a kan digiri 20 aka ɗora shi. Ka auna inji da safe, ka sake aunawa bayan azahar, ka ga kamar an musanya maka shi. Iskar ɗakin ma tana sauya zangon hasken, shi ya sa ba ma kunna lesa sai mun kafa na'urar auna zafi da danshi da nauyin iska, kwamfuta ta gyara da lissafin da masanin kimiyya Edlén ya wallafa a 1966.

Sai rigimar ƙa'ida. A da, Jamusawa na da ƙa'idar VDI 3441, Japanawa na da tasu, inji ɗaya sai ya fito da lambobi daban, mai sayarwa kuma ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi. Ƙa'idar ISO 230-2 ta rage wannan wayo: a je kowane wurin tsayawa sau biyar daga kowane ɓangare.

Don haka idan an miƙo maka takardar gwajin inji, tambayi ƙa'idar da aka bi da zafin ɗakin a ranar. In babu su, kada ka sa hannu.