Bom Ɗin Faransa A Hamada

Jama'a, ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na atom na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Tsoro ya kama mu, gama hunturu daga hamada yake kwaso mana ƙura har Kumasi. Nkrumah ya hana a taɓa dukiyar Faransawa a Gana. Ko a jikinsu.

To, a 1968 Amurka da Ingila da Rasha suka kawo yarjejeniya: wanda ya gwada bom kafin 1967 ya riƙe abinsa, saura kuwa haramun. Watau Faransa ta shige kafin a rufe ƙofa. Sun yi alkawarin shawarar kwance nasu, har yau suna nan riƙe da su. Ba mu ce kowa ya ƙera ba. Amma Faransa ba ta sa hannu ba sai 1992, daga baya ta zo tana yi wa Iran wa'azi.