Daga Samaru Zuwa Bakin Rumbu: Tarihin Nazarin Tattalin Arzikin Manomin Hausa

Mu da muka karanci tattalin arzikin noma a jami'o'in Arewa, har muka zo muna koyar da shi, gadon wani aiki muke ci wanda aka fara a ƙauyukan Zazzau a shekarun 1960. Ɗalibanmu na yau sun haddace sunayen masanan Turai da Amurka, amma kaɗan ne cikinsu suka san cewa a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi aka gudanar da binciken da ya taimaka wajen sauya kallon da masana ke yi wa ƙaramin manomi a Afirka.

Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai cibiyar ta koma ƙarƙashinta. Masu binciken farko sun ƙware a kan iri da taki da maganin ƙwari, musamman na auduga da gyaɗa, waɗanda gwamnati ke samun kuɗin shiga da su. Shawarar da suke ba malaman gona su kai ƙauye ita ce a shuka abu ɗaya a gona ɗaya, a layi, a kan lokaci. Manoma suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a gona guda kamar yadda suka gada. Bayanin da ya fi sauƙi a bakin ma'aikata shi ne manomi jahili ne mai taurin kai.

A 1965 wani matashin masani ɗan Ingila, David Norman, ya zo Samaru ya jagoranci sashen binciken tattalin arzikin karkara. Shi da abokan aikinsa suka zaunar da malamai masu ɗaukar bayani a cikin ƙauyukan nan uku na tsawon shekara guda, daga 1966 zuwa 1967. Sau biyu a mako ake zuwa gidan magidanci a tambaye shi: wa ya je gona jiya, wace gona, awa nawa ya yi, me aka saya, me aka sayar. Aka auna gonaki, aka auna dami. Daga baya aka maimaita irin wannan aiki a ƙauyukan Sakkwato da Bauchi.

Da aka tattara lissafi, sai gaskiya ta koma wajen manomi. Abin da ya fi ƙaranci a gidansa shi ne hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai. Haɗa shuka yana ba shi riba fiye da shuka ɗaya a kan kowace eka da kowace awa ta wannan lokaci na matsi, kuma idan ruwa ya yi gardama wani abin zai tsira. Haka batun auduga: an ce a shuka ta da wuri, manomi kuwa sai ya gama da gonar hatsi yake waiwayarta, domin abincin iyali ne a gaba. Norman ya wallafa wannan sakamako a 1974, kuma aikin Samaru ya zama ɗaya daga cikin tushen tsarin binciken da ke farawa da fahimtar gidan manomi kafin a kawo masa sabuwar dabara.

A daidai lokacin da ake binciken ƙauyukan Zazzau, masaniya Polly Hill tana Batagarawa, kusa da Katsina. Littafinta na 1972 ya rushe wani zaton kuma, wato cewa mutanen ƙauye duk ɗaya suke a talauci. Ta nuna akwai masu rumbuna da ke ajiye hatsi sai ya yi tsada, akwai kuma wanda ke sayar da nasa tun da kaka don biyan haraji da bashi, ya jinginar da gona, damina ta same shi yana ƙwadago a gonar wani tasa tana cike da ciyawa. Ita ce kuma ta ja hankalin masana ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidaje, yara na kai musu talla, cinikin da ba ya shiga ƙididdigar gwamnati.

Masana tarihi suka buɗe ɓangaren kasuwanci. Jan Hogendorn ya nuna cewa da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke so, amma manoma da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ga gyaɗa ta fi riba, suka bi ta. Mahdi Adamu a 1978 ya bi sawun fatake da zangunan Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma, Paul Lovejoy ya rubuta tarihin fataucin goro zuwa Gwanja, Emmanuel Grégoire kuma ya nazarci alhazan Maraɗi da cinikinsu na kan iyaka.

Fannin bai rasa gardama ba, kuma gardamar ta amfane shi. Da Bankin Duniya ya kawo manyan ayyukan gona a Funtuwa da Gusau da Gwambe a tsakiyar shekarun 1970, aka kuma gina madatsar Bakolori wadda rikicinta ya ci rayukan manoma a 1980, malamai irin su Yusufu Bala Usman suka dage cewa ƙirga awoyin aiki bai isa ba, dole a tambayi wa ke mallakar ƙasa, wa ke cin moriyar taki da rance. Michael Watts a 1983 ya danganta yunwa a ƙasar Hausa da haraji da tsarin kasuwa, ba da fari kaɗai ba. A 1988 zuwa 1989 Christopher Udry ya zauna da gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, ya gano cewa bashin da ke tsakanin dangi da maƙwabta, wanda ba takarda ba jingina, biyansa yana bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga: idan gonar mai cin bashi ta lalace a sassauta masa, idan mai bayarwa ne ya shiga matsala a ƙara masa. Har yau ana koyar da wannan bincike a manyan jami'o'in duniya.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma abubuwa suka fara ja da baya a wajenmu. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira da albashin malami, kuɗin bincike ya ƙafe, ƙwararru da yawa suka tafi waje ko suka koma aikin kwangila wa ƙungiyoyin agaji. Zaman shekara a ƙauye ya zama ziyarar yini biyu da takardar tambayoyi, a zuba amsoshi a kwamfuta, a fitar da maƙala don neman ƙarin girma. Ina duba kundin ɗalibai masu cike da lissafi mai kyau, amma marubucin bai taɓa tsayawa a gona lokacin huɗa ba. Gani ya kori ji, kuma ƙarfin magabatanmu a wannan fanni daga gani ya fito.

Akwai kuma bashin da ke kanmu. Malaman da suka kwana a ƙauyuka suna cike takardu 'ya'yan yankin ne, amma da wuya ka ga sunayensu a bangon littafi. Manoman da suka buɗe rumbunansu da sirrin basussukansu da Hausa suka yi magana, sakamakon kuwa da Turanci da Faransanci ya fito, jikokinsu ba su taɓa jin abin da aka gano ba.

Kirana ga shugabannin sassa da masu raba kuɗin bincike, musamman asusun TETFund, shi ne a zaɓi ƙauyuka kaɗan a riƙa binsu shekara da shekaru, a koma Doka da Batagarawa a ga abin da ya sauya, a sa sunan duk wanda ya yi aikin, kuma kowane bincike a taƙaita shi da Hausa a karanta wa mutanen da aka yi shi a kansu. Ɗalibin da ke neman digiri a wannan fanni kuwa, ya yi damina ɗaya cikakkiya tare da manoma kafin ya fara rubutu.