Hawan keke a yankin Dogon Daji

Dogon Daji gari ne a ƙaramar hukumar Tambuwal, a kudancin jihar Sakkwato, kan babbar hanyar A1 wadda ta taso daga Sakkwato ta bi Bodinga da Shagari, ta wuce Tambuwal zuwa Jega a jihar Kebbi. Wannan kwalta ita ce babbar hanyar masu keke, daga gefenta kuma burtali da ƙananan hanyoyi ke ratsa gonakin gero da dawa zuwa ƙauyuka, har yankin Kebbe.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, hawa da gangara kaɗan ne. Abin da ke wahalar da mahayi shi ne rairayi da ƙaya, shi ya sa masu faci ba sa rasa aiki ranar kasuwa. Manoma kan ɗaure buhu ko jarkar ruwa a kariya.

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin tafiya. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, sai a yi sammako. Da damina laka da kwazazzabai kan datse wasu hanyoyin. Yanzu babur ya karɓe yawancin doguwar tafiya.