Bitamin A: amfaninsa da abincin da ake samunsa

Bitamin A na daga cikin sinadaran da jikin ɗan Adam ba ya samu sai ta hanyar abinci. A shekarar 1913 ne masana a Amurka suka gano shi a cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai.

Alamar farko ta ƙarancinsa ita ce dundumi, inda mutum kan kasa gani da zarar magariba ta yi, domin da wannan sinadari ne ido ke iya gani a duhu-duhu. Idan abin ya yi nisa, ido kan bushe, ya yi gyambo, har a makance.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara a dalilin haka, kuma rabinsu kan rasu cikin watanni 12.

Barnar ba ta tsaya ga ido kaɗai ba. Wani bincike da Dakta Alfred Sommer ya jagoranta a Indonesiya, wanda aka buga a 1986, ya nuna cewa bai wa yara sinadarin ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Yana ƙarfafa garkuwar jiki a kan ƙyanda da gudawa, shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 a baki sau biyu a shekara.

Hanta ce kan gaba wajen yawansa, sai ƙwai da nono da man shanu. Amma wanda ba shi da halin nama bai rasa ba, domin jiki na mayar da sinadarin karotin da ke cikin karas, kabewa, mangwaro, gwanda, zogale da alayyafo zuwa bitamin A.

Manja ma na da karotin mai yawan gaske, shi ne ya ba shi jan launi. Sai dai matan da ke soya shi har ya washe, sun ƙone amfanin tun kafin a zuba kayan miya. Ganye kuwa ya fi amfani idan an haɗa shi da ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, kamar yadda ake kwaɗon zogale, saboda sinadarin a cikin mai yake narkewa.

Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara shi a cikin sukari da fulawa da man girki da masana'antu ke sarrafawa.

Likitoci na gargaɗin masu juna biyu da su guji yawan cin hanta ko shan ƙwayoyinsa ba da izini ba, domin idan ya yi yawa yana iya nakasa ɗan tayi.